Barka da Sallah, kuma kar a zubar da akwatin Kawu

Assalamu alaikum Hajiya,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mu nan Faransa mun sauko idi cikin yayyafi, na wuce wurin aiki da shaddata a ƙarƙashin rigar sanyi. Goron Sallar yara yana hannun Yaya, kar ya ce bai gani ba.

Hajiya, Yaya ya ce za a ba mai cajin waya hayar shagon hoton Kawu na Fagge, har ana maganar zubar da akwatin tsofaffin fim ɗin hotunan nan. Don Allah kar a taɓa shi.

Wani ɗan Mali da muke aiki tare ne ya ba ni labarin mai hoton garinsu, Seydou Keita. Kafinta ne da farko, sana'ar babansa, sai a 1935 wani kawunsa ya kawo masa tsarabar kyamarar Kodak daga Sanagal. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a gidansu a Bamako. Da hasken rana yake aiki, zanin gadonsa ne labulen baya da farko, kuma yawanci sau ɗaya yake dannawa. Wanda ba shi da agogo ko rediyo ya ara masa, a ɗauke shi kamar ɗan attajiri. Daga baya gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki, ya rufe wurin, amma bai yar da fim ɗinsa ba. A 1991 aka baje hotunansa a Amurka ba tare da suna ba, aka bi sawu har ƙofar gidansa. Ya rasu a 2001, a 2016 kuma Turawa suka yi ta layin kallon aikinsa a Grand Palais, babban zauren baje koli na Paris.

To me ya fi Kawu da shi? Kin tuna ranar Sallah, daga filin idi na Ƙofar Mata mutane shagonsa suke nufa kafin gugar kaya ta kwanta. Ya gyara wa mace ɗaurin kallabi, ya ɗaga haɓar yaro da yatsa, ya miƙa masa wayar tarhon nan marar igiya, ya ce "kar ka ƙifta". Rabin amaren unguwa suna cikin akwatin nan, har da ke, ko da yake kin ce ya ɗauke ki kina harara.

Ba na cewa kuɗi za mu samu. Amma a ɗora akwatin a sama, inda gara da laimar damina ba za su kai ba. Tunda idon Kawu ya yi rauni amma kansa garau, a sa Auta ta riƙa ɗaga fim ɗin a haske tana kwatanta masa, yana faɗin masu shi, tana rubutawa. Kuɗin hayar shagon ni zan riƙa biya.

A gaida Kawu da jiki, da Gwaggo da su Auta. A ajiye min dambun nama.

Ɗanki