Wasiƙa Zuwa ga Aminiyata a Kan Allurar Kashe Zafi

Assalamu alaikum aminiyata,

Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya baƙunta?

Na ji an mayar da ke ɗakin tiyatar mata, shi ya sa na kasa haƙuri sai na ba ki labarin abin da ya same mu ranar Talata. Wata baiwar Allah aka kawo ta yi ɓari, za a yi mata wankin ciki. Siririya ce, da ƙyar ta kai kilo 50. Likita ya yi mata allurar kashe zafi a gefen bakin mahaifa, ni kuma ina riƙe da hannunta muna hira. Can sai ta ce, "Sista, leɓena ya yi nauyi, bakina kamar na tsotsi ƙarfe." Kafin in juya jikinta ya hau jijjiga, bugun zuciyarta ya sauko 40, awon jininta ya faɗi. Wallahi gwiwoyina sun yi sanyi.

Ashe maganin kashe zafin, wato lidocaine, mai kashi 2 cikin ɗari aka zuƙo maimakon mai kashi 1. Mil 20 ɗin da aka yi mata ya zama miligiram 400, alhali mai nauyinta bai kamata ta wuce 225 ba. Ga wurin cike da jijiyoyin jini, balle ga wadda ke ɗauke da ciki. Yadda maganin ke toshe ƙofar sodiyam, wato hanyar da jijiya ke bi ta aika saƙon zafi, haka yake yi wa zuciya in ya shiga jini da yawa. Bupivacaine, wata allurar kashe zafin, ma ta fi muni, don in ta kama zuciya ba ta saurin saki, wani lokacin ko gargaɗin nan na leɓe babu.

Muka sa mata oksijin, aka ba ta diazepam, maganin jijjiga, jijjigar ta lafa, aka kawo Intralipid mai kashi 20 a guje, farin ruwan kitsen nan kamar madara da ke karya dafin maganin. Mil 1.5 ake ba kowane kilo, muka tura mata 75, sauran ya bi ta ƙarin ruwa. Ina kallon na'ura har bugun ya daidaita. Ta buɗe ido tana tambayar gyalenta.

Don Allah gobe ki tambaya ko kuna da Intralipid, ki san inda ake ajiye shi. Ki karanta kwalba da idonki, a riƙa ja da sirinji baya kafin a tura don a ga ko jini zai shigo, kuma kada ki daina yi wa matar magana.

Ki gaida Inna da kyau.

Taki har kullum.