Reshen Jam'iyya a Jiha: Abin da Tarihin PRP a Kano ya Nuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan reshen jam'iyya na jiha, wanda jama'a kan manta da shi sai lokacin zaɓen fidda gwani ya ƙarato.

Tsarin mulkin 1999 bai amince da jam'iyyar da ta taƙaita ga jiha ɗaya ba, domin ya wajabta wa kowace jam'iyya ta ajiye hedikwatarta a Abuja, shugabanninta kuma su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar. Duk da haka, ƙarfin jam'iyya a jiha yake, inda ake gina shugabanci daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma har zuwa jiha. A Kano kaɗai akwai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484.

PRP ta Malam Aminu Kano, wadda ta gaji aƙidar NEPU ta 1950, ta lashe kujerar gwamna a Kano da Kaduna a 1979, ta hannun Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Amma da saɓani ya shiga tsakanin gwamnonin da uwar jam'iyya, sai aka rabu gida biyu, Santsi (ɓangaren gwamnonin) da Taɓo (ɓangaren Malam Aminu Kano), har Rimi ya koma jam'iyyar NPP ya sha kaye a zaɓen gwamna a hannun Sabo Bakin Zuwo na PRP a 1983.

A ganina, yau ma gwamna ne ke juya reshen jiha yadda ya so, saboda shi ke ɗaukar nauyin ofis da tarurruka. Ina kira ga jam'iyyu su farfaɗo da biyan kuɗin katin zama mamba a kowace mazaɓa, domin reshen jiha ya daina dogara da gwamna.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano