Amsa ga mai tambaya a kan Gambo Sawaba

Assalamu alaikum, 'yar'uwa.

Kin tambaye ni a bainar jama'a: tunda Hajiya Gambo Sawaba ba ta taɓa zama 'yar majalisa ko minista ba, da wace hujja ake kiranta babbar 'yar siyasa?

Duba dokar zamaninta tukuna. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma a Arewa doka ta ce sai namiji. Wadda ba ta da ƙuri'a, ina ita ina takara? Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe wa matan Arewa wannan ƙofa, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Hajiya kuwa an haife ta a 1933, ta shiga jam'iyyar adawa ta NEPU ta Malam Aminu Kano a Zariya tana 'yar shekara 17. Wato ta yi shekara ashirin da 'yan kai tana siyasar da doka ta hana ta cin moriyarta.

Ga yadda aikin yake a lokacin. Ba a yin lacca sai da izinin En'e (hukumar gargajiya ta sarakuna), su kuwa En'e suna tare da NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa, don haka 'yan NEPU sukan sha wuya kafin su samu. In an taru ba izini, 'yan doka su yi kame, alƙali ya yanke hukunci nan take. Mazan jam'iyya ba sa shiga gidajen kulle, ita tana shiga. Gida-gida take bi, ta zauna da mata a tsakar gida, ta yi musu magana a kan auren wuri (ita kanta tana da shekara 13 aka aurar da ita), aikin tilas, haraji da karatun 'ya'ya mata. A Kano wannan ya ja mata ɗauri, daga baya aka kore ta daga garin. Sau 16 ake lissafa shigarta kurkuku, ban da dukan 'yan banga.

Ta kuma je Abeokuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, jagorar gwagwarmayar mata a can, ta ga yadda ake haɗa kan mata.

In muƙami kike nema, a Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim. Ta rasu a 2001. Babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi.

Wassalam.