Sanarwa kan yawon Kirsimeti

Salama gare ku iyaye da ƴan uwa, barkanmu da ganin ƙarshen shekara.

Kamar yadda muka tsayar, ranar 25 ga Disamba za mu fita da yara su ga garin Legas, tunda yawancinsu daga makaranta sai gida. Mu haɗu a tashar Obalende da ƙarfe uku, bayan an taso daga coci an ci abinci.

Da ƙafa za mu taka zuwa Dandalin Tafawa Balewa, inda aka yi bikin samun ƴancin kai a 1960, sannan Freedom Park da ke titin Broad, tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka. Da magariba sai mu hau mota zuwa titin Ajose Adeogun a Victoria Island don kallon fitilu. Nan ne cunkoson yake. Bara ƴata ta saki hannuna a wurin, minti biyar ina kiran sunanta, har yau gabana na faɗuwa in na tuna. Don Allah kowane yaro a sa masa takarda da lambar waya a aljihu.

Kowane gida zai ba da naira 3,000 kuɗin mota da ruwa, a miƙa wa ma'aji kafin ranar 20. Iyaye mata, a bar takalma masu tsini a gida, tafiyar da ɗan nisa.

Allah ya kai mu lafiya.

Sakataren rukuni