Rahoton Kwamitin Gyaran Bangon Dutse na Ɗakin Taron Makarantarmu a Jos

Kwamitin da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗora wa alhakin gyaran ɗakin taro yana sanar da mambobi cewa an kammala aikin kafin saukar damina, kamar yadda aka tsara.

Da muka duba ginin tare da magina, mun tarar bangon da ruwan sama ya fi duka ya yi baƙi da gansakuka, marmarar da aka gina shi da ita kuma tana marmashewa ko da farce aka kankare ta. Saboda haka sai da aka gyara indararo da tsagewar da ke tsakanin duwatsu, aka wanke bangon da buroshi mai laushi, aka bar shi ya bushe cikin iskar hunturu, sannan aka zo ga maganar shafi.

Kwamitin ya daɗe yana muhawara a kan wannan. Wasu sun so a yi fenti mai, amma fenti yana toshe ƙofofin dutse, danshin ciki ya rasa mafita har fuskar bangon ta ɓare. Abin da muka zaɓa ruwa ne marar launi mai ɗauke da ƙwayoyin silika (sinadarin da ke cikin yashi) da ake auna girmansu da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita. Idan ya bushe yakan bar kaushin da ido ba ya gani, wanda ke hana ruwa kwanciya, tururin danshi kuwa yana fita abinsa. Duk wanda ya taɓa ganin raɓa tana gangarowa a ganyen gwaza ya san yadda abin yake, kuma masanin tsirrai ɗan Jamus Wilhelm Barthlott da abokin aikinsa sun bayyana sirrin hakan a ganyen lotas, wani tsiron ruwa mai kama da bado, a 1997.

Mun fara gwadawa a wani lungu. Da aka watsa ruwa da buta, sai ya dunƙule kamar duwatsun ado, ya gangaro da ƙurar da ke kan bangon, launin marmarar kuma bai sauya ba.

Ba a shafa wa gindin bangon ba, domin danshin da ke tasowa daga ƙasa yana tafe da gishiri, kuma idan aka tare shi a bayan shafin zai farfasa dutsen. Rana da ruwa suna cinye shafin a hankali, don haka kwamitin yana roƙon a riƙa maimaita gwajin buta a ƙarshen kowace damina. Bayanin kuɗin da aka kashe yana hannun ma'aji ga duk mai son dubawa.