Zuwa ga mutumina, kan ciwon sugan yaronka

Assalamu alaikum mutumina, ya gida ya iyali, ya jikin Abba? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Makka lafiya lau sai zafi, 'yan Umra kuma sun cika gari, mu a kemis ko zama bama samu.

Na saurari saƙon da ka turo ta WhatsApp, abinda yafi tsaya min a rai shine wai dangi sun sa mamanshi a gaba suna cewa ita ta cika shi da alawa da lemon kwalba har ciwon ya kama shi. Wallahi wannan ba adalci bane, dan Allah ka tsaya mata. Irin wanda likita yace yana dashi, nau'i na ɗaya, ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Akwai wata halitta a bayan tumbi ana ce mata fankiriyas, a cikinta akwai 'yan ƙananan ƙwayoyi masu yin insulin, wato sinadarin da ke sa suga ya bar jini jiki yayi amfani dashi, to garkuwar jikin yaron ce da kanta ke juyawa ta dinga kashe su a hankali, wata da watanni ko ma shekaru, sai sun kusa ƙarewa sannan kuga yawan fitsari da ƙishirwa da rama. Gado yana da hannu, amma mafi yawan yaran nan babu mai irin ciwon a gidansu, har tagwaye masu kama ɗaya sai kaga ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba.

To me ke tunzura garkuwar? Nan ne masana suka daɗe suna zargin bairos, musamman wasu da ake kira enterobairos, danginsu ɗaya da mai kawo shan inna, ta baki suke shiga su zauna a hanji, hannu mara tsafta da gurɓataccen ruwa ke yaɗa su. Wanda akafi ɗora wa ido sunanshi Coxsackie B. Tun 1969 a Ingila aka lura sabbin masu ciwon sunfi sauran mutane alamar sun kamu dashi kwanan nan, a 1979 kuma a Amurka aka ciro shi daga fankiriyas ɗin wani yaro ɗan shekara 10 da ciwon ya kashe, aka sawa ɓeraye suma suka kamu da suga. Wanda yafi girgiza ni na Norway ne, mutum 6 da basu daɗe da kamuwa ba suka yarda aka yi musu tiyata aka yanki ɗan ɓangaren fankiriyas ɗinsu saboda bincike kawai, kuma dukkansu an samu alamar bairos ɗin a wajen da ake yin insulin, a 2015 aka fitar da sakamakon. Allah ya saka musu, ba ƙaramin abu suka yi ba. Daga nan a 2023 aka bada rahoton gwaji kan yara 96 a Norway da Denmark, an bawa wasunsu maganin bairos na wata 6, bayan shekara sai aka ga jikinsu ya riƙe ɗan ragowar insulin ɗinshi fiye da na waɗanda basu sha ba. Ba warkewa suka yi ba fa, suna nan kan allurarsu.

Kuma kar ka ɗauka an gama magana, masanan kansu zargi mai ƙarfi suke cewa, domin kusan kowane yaro yana haɗuwa da waɗannan bairos ɗin, yayi zazzaɓi ko mura ya warke shikenan. Sai wanda jininsa ya riga ya ɗauko sauƙin kamuwa ake ganin bairos ɗin yana maƙalewa a ciki yaƙi fita, garkuwa tazo faɗa dashi ta haɗa da ƙwayoyin insulin. Kaga wannan ina laifin uwa a ciki? Nan Saudiyya ma da duk asibitocinsu suna cikin ƙasashen da yara suka fi kamuwa dashi a duniya, kullum sai iyaye sunzo mana siyan allurar da abin gwaji, Larabawa da namu 'yan Shari Mansur duka.

Zamzam da habbatussauda da kace zan bayar a kawo maka in sha Allah ta hannun 'yan Umra, yasha da niyyar neman lafiya, amma ina roƙonka da girman Allah kar wani ya ruɗe ku ku ajiye insulin ko na rana ɗaya, yaro yana iya suma jini ya lalace cikin ƙanƙanin lokaci. A firji ake ajiyewa banda wajen ƙanƙara, in babu wuta ku ƙulle a leda ku sa a sanyin randa. In kunga yana gumi yana rawar jiki ku bashi suga ko lemo mai zaƙi nan take, ku gaya wa malaman makarantarsu ma su sani.

Ka turo min hoton takardar likitan inga wace irin insulin aka rubuta mishi, in akwai ta nan sai na haɗo da sauran kayan. Ka gaida Hajiya da maman Abba, kace mata zanyi mishi addu'a a ɗawafi.

Naka, daga Makka.