Wasiƙa Zuwa Ga Ɗiyata Mai Son Rubutu

Gusau, Jihar Zamfara.

Ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, saƙonki ya iso, kuma na karanta shi ya fi a ƙirga. Kin ce baffanki ya ji labarin ƙagaggun labaran da kike rubutawa, ya kira ki ya ce wannan ba aikin mace mai kamun kai ba ne, wai babu mai auren yarinyar da sunanta ya yi yawo a bangon littafi. Kin tambaye ni ko ki ajiye alƙalami. Kada ki ajiye. Amma ina so ki riƙe dalilina, domin ba lallai ne ina kusa ba ranar da wani zai sake faɗa miki irin wannan magana.

Ki koyi rarrabe abin da Allah ya hana da abin da mutane suka saba hanawa sannan suka yafa masa rigar addini. Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito hadisai 2,210, kuma manyan sahabbai maza suna zuwa neman fatawa a wurinta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai safe da yamma alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa ƙungiyar ilmantar da mata ta 'Yan Taru, inda take naɗa wa dattijuwar mace malfa ta zama jaji, wato jagorar mata, ta koma ƙauye tana koyar da mata tsarki da salla ta hanyar waƙa. Duk wanda ya ce miki alƙalami bai dace da hannun Musulma ba, sai ya fara gaya mana inda zai ajiye ɗiyar Shehu.

Ni na ɗanɗana abin da nake faɗa miki. Daga aji shida aka cire ni aka yi mini aure, yayyena maza kuwa suka wuce sakandare, sai da na haife ku sannan na koma Islamiyyar matan aure da ajin yaƙi da jahilci. Da mahaifinmu ya rasu, maza suka raba gonaki a tsakaninsu, mu mata aka ce ai muna gidan miji, me za mu yi da ƙasa. Ga shi kuwa aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta faɗa ƙarara cewa mata suna da rabo a abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa. A ranar babu wanda ya tuna da aya. Na lura tun daga lokacin cewa idan hukunci zai taƙaita mace kowa malami ne, idan kuwa zai ba ta haƙƙinta, sai a ce a bi al'ada a zauna lafiya.

A fagen adabi ma haka abin yake. Hajiya Hafsatu Abdulwaheed, wadda ta daɗe tana zaune a nan Gusau, ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, lokacin da da wuya ki ga sunan mace a kan littafin Hausa. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita ma aka aurar tun tana ƙarama, ta rubuta a kan auren dole da wulaƙancin saki. Da mata suka yawaita a rubutu, sai aka haɗa su duka a buhu ɗaya aka kira aikinsu adabin kasuwar Kano, har aka kai ga ƙona wasu littattafai a Kano a 2007. Ban ce dukansu nagari ba ne, akwai waɗanda ni kaina ba zan bari su shigo gidana ba. Sai dai abin da ya fi ɓata wa wasu rai shi ne matan sun fito da zancen da aka saba binnewa a ƙuryar ɗaki, irin su bazawarar da aka koro da 'ya'ya biyar babu ko kwanon hatsi. Idan za ki rubuta mace, kada ki tsaya a kan mai haƙurin da ba ta buɗa baki ko makirar kishiya. Ki rubuta irin mai ƙosan bakin layinmu, wadda da kaskonta ta biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta.

Ki kuma tuna cewa zamanki a jami'a ba ƙaramin rabo ba ne. Bayan da aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021, na ga iyaye a unguwarmu da suka nema wa 'ya'yansu maza wata makaranta a cikin gari, matan kuwa aka fara yi musu zancen kayan ɗaki. Tsoronsu gaskiya ne, ni ma na yi shi, amma yarinya ce kaɗai ta biya da karatunta.

Game da baffanki, kada ki ɗaga masa murya, kada kuma ki kai ƙararsa Facebook. Uba ne a gare ki, kuma na san tsoron bakin mutane ne ya sa shi magana. Ki bar mini shi, ni da mahaifinki za mu same shi bayan sallar Juma'a. Ke dai ki tsare sallarki da mutuncinki, ki zurfafa a fiƙihu kamar yadda kike zurfafa a boko, domin ki iya tambayar hujja cikin ladabi duk lokacin da aka ce miki haramun ne.

Idan za ki zo hutu, ki taho mini da labarin da kika ce kin kammala, a buga shi a takarda da manyan baƙaƙe, saboda idanuna ba sa jure karatu a waya. Ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam,
Innarki.